Yadda Launi Ya Baro Gona Ya Koma Masana'anta

A watan Fabrairun 1851 ne Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya shiga birnin Kano. Cikin duk hajar da ya gani, babu wadda ta ɗauki hankalinsa kamar tufafin da ake saƙawa a kuma rina a nan gida. Ya ba da labarin yadda turkudi da kore da baƙaƙen zannuwa ke yin arewa har Gat da Murzuk da Tarabulus, su yi yamma har Tambutu, ya kuma ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba. Wannan dukiya kaf daga ganye take fitowa. Manomi ya shuka baba, a yanka, a daka, a dunƙula, a shanya. Marini ya zuba a karofi da toka da katsi. Mabugi ya ɗora tufa a kan gungume ya yi ta bugu da shuni har ta ɗauki ƙyalli, sannan fatake masu hannu da shuni su ɗaure a bayan raƙumi.

Haka launi yake a ko'ina a wancan zamani, amfanin gona ne ko na daji ko na ruwa. Dukawan ƙasar Hausa na samun ja daga karan dafi, suna samun ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya. Turawa na noman wani tsiro mai suna mada a kudancin Faransa da Holan saboda jan da ke saiwarsa. Jan da ya fi tsada kuwa daga wani ɗan ƙwaro na ƙasar Meziko ake matse shi. Shunayyar da sarakunan Rum ke taƙama da ita daga dodon koɗin teku ake tatsa, kuma da masanin sinadarai Paul Friedländer ya gwada a 1909, sai da ya fasa koɗi 12,000 kafin ya tara giram 1.4. Launi na jiran damina, fari na cinye shi, yaƙi na tare masa hanya. Cikin shekara 60 da suka biyo bayan zuwan Barth, kusan duk wannan tsari ya rushe.

Ɗalibin da ke neman maganin zazzaɓi

A 1856 William Henry Perkin yana ɗan shekara 18, yana karatun sinadarai a Landan a hannun wani malami Bajamushe, August Wilhelm von Hofmann. Zazzaɓin cizon sauro na ɗibar sojoji da ma'aikatan Ingila a Indiya da gaɓar Afirka ta Yamma, maganin da aka dogara da shi kuwa ɗaya ne tak, kwinin, wanda ake samu daga ɓawon wata itaciya ta tsaunukan Amurka ta Kudu. Hofmann na ganin za a iya haɗa kwinin daga kwalta, baƙin dagwalon da ke saura idan an dafa kwal don samar da gas ɗin fitilun titi. Kamfanonin gas sun tara wannan dagwalo har sun rasa inda za su kai shi.

A hutun Ista na wannan shekara Perkin ya gwada sa'arsa a wani ɗan ɗaki da ke gidan mahaifinsa a gabashin Landan. Gwajin farko ya ba shi wata laka ja-ja. Ya sake gwadawa da anilin, ɗaya daga cikin sinadaran da ake samu ta hanyar kwalta, sai ya samu wani baƙin abu daskare a gindin kwalba. Da ya zuba masa barasar gwaji, ruwan ya rikiɗe ya zama shunayya mai ɗaukar ido. Ya tsoma ƙyallen siliki, launi ya kama. Ya wanke, bai zuba ba.

Yaron bai yi wasa da abin da ya faɗo hannunsa ba. Ya aika da samfur ga kamfanin rini na Pullar da ke Perth a Sikotilan, aka amsa masa cewa in dai farashin bai yi yawa ba, kasuwa na jira. Ya yi rajistar mallakar fasahar a watan Agusta, ya bar makaranta duk da malaminsa bai so ba, mahaifinsa ya zuba abin da ya tara, yayansa Thomas ya shigo, suka gina masana'anta a Greenford a 1857. Aikin da ya biyo baya ya fi gano launin wuya, don sai da Perkin ya ƙirƙiro yadda za a riƙa samar da anilin tuli-tuli ba tare da tukunya ta fashe ba, ya kuma gano cewa in an fara jiƙa auduga da sinadarin tanin, ita ma za ta karɓi launin. A 1858 Sarauniya Victoria ta sa tufa mai wannan launi a bikin babbar 'yarta, matar Sarkin Faransa Eugénie ma ta so shi, sai matan Landan da Faris suka yi masa ca. Perkin ya sayar da masana'antarsa a 1874, bai kai shekara 40 ba, ya koma bincike da dukiyarsa.

Jamus ta karɓe kasuwa

Da aka ga akwai kuɗi a kwalta, kowa ya duƙufa. A 1859 wani Bafaranshe a Lyon, Verguin, ya fitar da ja mai ratsin shunayya, aka raɗa masa sunan garin Magenta na Italiya inda Faransa ta ci yaƙi a shekarar. Kafin nan, a 1858, Peter Griess ya gano hanyar da ta haifi dangin rinin azo, waɗanda a yau su ne fiye da rabin rinin da ake sayarwa a duniya. A 1865 August Kekulé ya bayyana cewa ƙwayoyin kabon shida na sinadarin benzin a zobe suke, daga nan masu bincike suka daina lalube a duhu, suka fara zana launi a takarda kafin su dafa shi.

Jamusawa ne suka fi cin moriyar wannan ilimi. An kafa Bayer da Hoechst a 1863, BASF a 1865, Agfa a 1867, dukkansu da rini suka fara. Hofmann ya koma Berlin a 1865, wasu Jamusawan da ke aiki a Ingila, irin su Heinrich Caro, suka bi sahu. Kamfanonin suka ɗebi ɗaliban jami'a suka gina musu ɗakunan gwaji, aikinsu kullum neman sabon launi. A 1868 Carl Graebe da Carl Liebermann suka haɗa alizarin, ainihin jan da ke saiwar mada, kuma a shekara ta gaba takardar rajistarsu tare da Caro ta riga ta Perkin isa ofis da kwana ɗaya. Cikin shekara goma noman mada ya durƙushe a yankin Avignon, manoma suka tumɓuke gonakinsu.

Daga waɗannan ɗakunan gwaji ne magungunan zamani da yawa suka fito. Likita Paul Ehrlich ya lura cewa wani rinin yakan kama ƙwayar cuta ya bar naman jiki, sai ya yi tunanin abin da ya iya gano ƙwayar cuta zai iya kai mata guba. A 1891 ya yi wa masu zazzaɓin cizon sauro magani da shuɗin metilin, rinin da Caro ya haɗa a 1876. Maganin Prontosil, wanda Gerhard Domagk ya gwada a 1932 ya buɗe ƙofar magungunan salfa, jan rini ne. Ruwan Giemsa da ma'aikatan ɗakin gwajin asibiti ke ɗigawa a kan jini don ganin ƙwayar zazzaɓi, tun 1904 ake amfani da shi, shi ma haɗin rini ne.

Zuwa 1914 Jamus ce ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na rinin masana'anta a duniya. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Ingila ta wayi gari ta ga hatta launin kakin sojojinta daga ƙasar abokan gaba take sayo shi.

Shekara 30 ana bin sirrin baba

Baba ne ya fi ba masana wahala, kuma shi ne ya fi kowane rini kasuwa. Ganyensa kore ne, babu shuɗi a cikinsa ko kaɗan. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi mai suna indikan, wanda sai ganye ya ruɓa ya sha iska yake komawa shuni. Shi kuma shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. Nan aikin karofi yake. Toka na ba ruwan kaifi, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna cin ganyen suna shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan, sai shuni ya sauya siffa ya narke, ruwan ƙarƙashin kumfa ya koma kore-kore mai ruwan ɗorawa. Marini ya tsoma tufa, ruwan ya ratsa zare. Da ya ɗago ta iska ta buge ta, a kan idon mai kallo kore ke juyewa shuɗi, shunin ya sake daskarewa a cikin zaren inda wanki ba zai narkar da shi ba. Kowace tsomawa na ƙara duhu, shi ya sa baƙin turkudi ke cin tsomawa da yawa. Marinan Kura da Dal da Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, sun san lafiyar karofi daga wari da kumfa da launin ruwa, suna motsa shi da muciya a kan lokaci, tun ɗaruruwan shekaru kafin a san sunan abin da ke faruwa a ciki.

Adolf von Baeyer ya fara binciken shuni a 1865, ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1878, ya tantance siffar ƙwayarsa a 1883. Amma hanyarsa ta fi noma tsada. Sai da BASF ta kashe kimanin mak miliyan 18 kafin ta fito da shunin masana'anta kasuwa a 1897. Ƙwayar sinadarin iri ɗaya ce da ta ganye, babu bambanci, sai dai na masana'anta ƙarfinsa ɗaya ne a kowace gwangwani, kuma bai san fari ba. Baeyer ya samu kyautar Nobel a 1905.

Indiya ce ta fi jin jiki, don ita ce ke ciyar da Turai da shuni. A 1897 shunin ganye da ake samarwa ya kai kimanin tan 19,000, zuwa 1914 ya faɗo kusan tan 1,000. Noman dama na tilas ne a wurare da yawa, har manoman Bengal sun taɓa yin bore a kansa a 1859. A gundumar Champaran ta Bihar, Turawa masu gonaki sun wajabta wa 'yan haya shuka baba a kashi 3 cikin 20 na ƙasarsu. Da kasuwa ta faɗi, suka juya asarar kan manoma ta hanyar ƙarin kuɗin haya da tarar fita daga yarjejeniya. Wani manomi, Raj Kumar Shukla, ya yi ta naci har ya kawo Gandhi yankin a 1917, kuma a can Gandhi ya yi gwagwarmayarsa ta farko ta ƙin bin umarni cikin lumana a ƙasar Indiya. An soke wannan tilasci a 1918.

Da gwangwani ya iso Afirka ta Yamma

Rinin masana'anta ya shigo ta kantunan Turawa na bakin teku, ya biyo jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911. A Abekuta, matan da ke rinin adire sun karɓi soda mai ƙuna da shunin gwangwani tsakanin shekarun 1920 da 1930, don aikin da ke cin kwanaki ya koma na yini ɗaya. Amma in hannu bai daidaita soda ba, tana cin zare, sai masu saye suka fara kukan zane na yagewa da wuri. Sarkin garin, Alake Ademola na Biyu, ya haramta sinadaran a shekarun 1930, marina suka ƙi amincewa, rigima ta yi tsanani har aka kafa kwamitin bincike. Daga ƙarshe sinadaran suka zauna.

A ƙasar Kano karofi ya daɗe yana jurewa, musamman saboda Buzaye da sauran mutanen Sahara da ke son turkudin Kura mai ƙyalli, wanda shuninsa ke sauka a fatar mai naɗa shi. Duk da haka garuruwa da yawa da suka yi suna da rini sun koma sai ramuka a cike da ƙasa. Marinin zamani ya koma ga ganga da wuta da soda da farin garin haidirosalfait, wanda ke yi wa rini cikin 'yan mintoci abin da ruɓewar ganye ke yi cikin kwanaki. Da wannan haɗi ne ake rina shadda a unguwannin Kano, da shi ne matan Bamako ke rina galilar da ake rububi a Kantin Kwari. Masaƙun Kaduna, tun daga na farko da aka buɗe a 1957, da rinin masana'anta suka buga atamfofinsu. Marinan ganga su ma ba su tsira ba, don a 2015 sun fito zanga-zanga a Kano suna kukan yadin Sin da ke zuwa a rine ya kashe musu kasuwa.

Kowane zare da irin rininsa

Rini kowane iri aiki biyu yake yi. Na farko, ƙwayarsa ta shanye wani sashe na hasken rana ta mayar wa ido da sauran, abin da ya dawo shi ne launin da ake gani. Otto Witt ya bayyana a 1876 cewa wani ɓangare na ƙwayar ne ke da alhakin launi, wasu ɓangarorin kuma suna ƙara masa ƙarfi suna taimaka masa ya kama. Aiki na biyu shi ne kamun, kuma nan ne tarihin ya rarrabu bisa ga zare.

Ulu da siliki daga dabba suke, furotin ne. In an sa su a ruwa sukan ɗauki cajin lantarki, rinin da ke ɗauke da kishiyar cajin ya manne musu. Wannan ne ya sa siliki ya karɓi launin Perkin nan take. Auduga ba ta da wannan hali, shi ya sa tun zamanin da sai an fara jiƙa ta da alam ko tanin, su riƙe zare da hannu ɗaya su riƙe rini da ɗayan. A 1884 aka yi rajistar wani ja da Paul Böttiger ya haɗa, mai doguwar ƙwaya shimfiɗaɗɗa da ke kwanciya a jikin zaren auduga ba tare da ɗan tsakani ba. An sa masa suna jan Kwango, a daidai lokacin da Turawa ke taron Berlin kan rabon Afirka. Irin wannan rini yana da arha da sauƙi, amma kamunsa sako-sako ne, shi ne yawanci ke zuba a bahon wanki ya ɓata farar riga.

A 1901 René Bohn na BASF ya haɗa shuɗin indantirin, wanda ke bin hanyar baba, a narkar da shi, ya shiga zare, iska ta daskarar da shi, amma ya fi shuni jure rana da sabulu. Shi kansa shuni a wandon jins da gangan ake barinsa a bayan zare, cikin ya zauna fari, don haka gwiwa da aljihu ke yin haske in wando ya sha jiki.

Babban sauyi ga auduga ya zo a 1956, shekara 100 cif bayan Perkin, lokacin da kamfanin ICI na Ingila ya fitar da rinin Procion, aikin Ian Rattee da William Stephen. Wannan rini yana ƙulla haɗin sinadari da zaren kansa, ya zama wani ɓangare na audugar, don haka launinsa ke da haske kuma wanki ba ya raba su. Ana zuba gishiri mai yawa don a tura rinin jikin zare, a zuba soda don a ɗaure shi. Wani kaso nasa yakan ƙulla da ruwa maimakon zare, ya bi magudana.

Zaren roba kuma wata duniya ce. Poliyesta, wadda aka ƙirƙiro a Ingila a 1941, ba ta shan ruwa, ba ta da inda caji zai kama. Sai an niƙe rini ya yi laushi ƙwarai, a dafa yadin a rufaffiyar tukunya a zafin da ya kai digiri 130, zaren ya saki jiki ƙwayoyin rini su kutsa, in ya huce ya rufe da su. Wannan ne dalilin da ya sa yadin da aka gauraya auduga da roba ke fitowa da dishi-dishi daga gangar marini, audugar ta sha, robar ta ƙi.

Daga yadi zuwa gashi

Gashi ma furotin ne, ɗan'uwan ulu, sai dai yana kan mutum mai rai, ba a dafa shi, ba a tsoma shi a soda. Silin gashi na da ɓawo sirara da suka hau kan juna, a ciki kuma akwai melanin, sinadarin da ke ba shi baƙi. Furfura gashi ne da tushensa ya daina zuba melanin.

Lalle ya daɗe yana wannan aiki daga Indiya zuwa ƙasar Hausa. Sinadarin loson da ke ganyensa yana ƙullawa da keratin na gashi da fata da farce, amma a hankali, shi ya sa ake kwana da ƙunshi. Launinsa daga ja ne zuwa ja mai duhu, ba ya wuce nan. A Farisa da Indiya mai son baƙi sai ya bi lalle da ganyen baba. Malaman Musulunci sun yarda da rina furfura da lalle, sun kuma yi saɓani a kan mayar da ita baƙa ƙirin.

Rinin gashi na zamani ya faro daga ɗakin gwajin Hofmann, wanda a 1863 ya yi bayanin sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD, marar launi, mai yin duhu in ya sha iska. A baje kolin Faris na 1867 aka nuna yadda ruwan feroksaid ke kashe launin gashi, a 1883 kuma aka yi rajistar farko ta haɗa su biyun don rini. Eugène Schueller, matashin masanin sinadarai a Faris, ya haɗa nasa rinin a 1907, yana dafawa da dare yana kai wa masu gyaran gashi da rana, ya kafa kamfanin da ya zama L'Oréal a 1909. A Amurka, Clairol ta fitar da rini mai mataki ɗaya a 1950, daga baya mata suka fara yi a gida. Kamfanin Hoyu na Japan ya fitar da garin Bigen a 1957, wanda har yau ake gani a shagunan aski.

Dabarar rini mai ɗorewa ita ce ba a shafa wa gashi launi, a cikin silin ake haɗa shi. Kwalba ɗaya na ɗauke da amoniya da ƙananan ƙwayoyi marasa launi irin su PPD da abokan haɗinsa, ɗayar na ɗauke da feroksaid. Amoniya ta kumbura gashi ta ɗaga ɓawon, ƙananan ƙwayoyin su shige. Feroksaid ya dusashe melanin na asali, ya kuma sa ƙwayoyin su haɗu da juna su zama manya masu launi. Kamar hannun da ya shiga bakin gora a miƙe ya dunƙule a ciki, ba su da hanyar fita. Abokin haɗin da aka zaɓa shi ke tantance ko baƙi za a samu ko ruwan ƙasa ko ja. Wanki ba ya fitar da shi, sai dai gashi na tsirowa kimanin santimita ɗaya a wata, furfura ta sake leƙowa daga tushe. Kowane zagaye kuma yana raunana ɓawon, gashin da ya riga ya sha man shamfo mai miƙar da shi ya fi saurin karyewa.

Abin da jiki da kogi suka biya

Tun 1895 likita Ludwig Rehn na Frankfurt ya ba da rahoton ciwon dajin mafitsara a tsakanin ma'aikatan rini. An shafe shekaru da dama kafin a tabbatar da cewa sinadarai irin su benzidin ne sanadi, kuma jan Kwango na cikin rinin da ake yi da shi. Jamus ta hana sayar da tufafin da aka rina da wasu nau'o'in azo a 1994, Tarayyar Turai ta bi baya a 2002.

PPD kuwa yana cikin manyan masu jawo borin fata. Dokar Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kashi 2 cikin 100 a rinin da aka gauraya, kuma don gashi kawai, kamfanoni na buga gargaɗin a gwada a ɗan wuri a jira awa 48. Dayis ɗin da ake kwaɓawa da ruwan haidirojin a zana wa amare da 'yan biki baƙin fulawa a hannu yawanci wannan sinadari ne, babu awo, kai tsaye a kan fata. Wasu sukan tashi da ƙaiƙayi da ƙuraje da bororo a daidai layin zanen, tabon ya daɗe. Jikin da ya taɓa yin bori da shi ba ya mantawa har abada, yana iya sake tashi a ranar da aka shafa rinin gashi ko aka sa baƙin yadin roba mai ɗauke da dangin wannan sinadari. A Sudan da Maroko likitoci sun rubuta rahotanni masu yawa kan waɗanda suka sha shi, wuya ya kumbura numfashi ya toshe, ƙoda ta tsaya. Ajiye shi inda hannun yara ke kaiwa ganganci ne.

Ruwan da ke fita daga wurin rini na ɗauke da gishiri da soda da ragowar launi. Daga Tiruppur ta Indiya, inda kotu ta rufe ɗaruruwan wuraren rini a 2011 saboda kogin Noyyal, zuwa gaɓar Kwara a Bamako da kwatocin Kano, matsalar iri ɗaya ce. Ana iya tace ruwan, amma tacewa kuɗi ne, ƙaramin marini kuwa ba shi da su sai in hukuma ta haɗa marina a wuri ɗaya da matata guda.

Masu bincike na neman mafita ta wata fuskar. A 2018 wata tawaga a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta sauya halittar ƙwayar bakteriya ta riƙa samar da indikan, a shafa shi a zare a sa masa sinadarin da zai mayar da shi shuni a wurin, ba tare da haidirosalfait ba. An rina ƙyallen jins da shi ya kama. Abin da ya rage shi ne farashi, don dubban tan na shunin da masaƙun duniya ke sha duk shekara har yanzu daga anilin ake dafa su, akasari a masana'antun ƙasar Sin.